Neman shawara: kwalejin Kirista ta ba ni gurbin karatun mataimakin likita, mako biyu suka ba ni

Maman Hanif:
Assalamu alaikum jama'ar gida, ku taimaka, kaina ya ɗaure. Digirin baiyokemistiri na yi a Najeriya, aure ya kawo ni Amurka. WES, mai tantance takardun karatun ƙasashen waje, ta auna takarduna, maki ya tsaya a 3.2. Na sake anatomi da fisiyoloji da maikurobayoloji a kwalejin garinmu, tunda makarantu da dama ba sa karɓar na waje. Aikin kula da tsofaffi nake da dare, awannina sun haura 2,000, ga yara biyu, ga surukata a gidan. Bara na nema ta CASPA, shafin neman gurbin karatun mataimakin likita, shiru. Bana wata kwalejin Kirista ta kira ni ganawa, yanzu sun ba ni gurbi a digiri na biyu na PA, wato mataimakin likita. Sun ce in biya dala 1,000 na kama gurbi, ba a mayarwa, kuma akwai takardar ƙa'idoji da zan sa wa hannu. Ni musulma ce da hijabina. Maigida ya ce in karɓa, Inna ta ce ina ni ina makarantar coci. Ya zan yi?

Yaya Bashir:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin bar jaki kina dukan taiki. Kafin maganar coci, shiga shafin ARC-PA, hukumar da ke tantance makarantun PA, ki ga matsayin makarantar. Wanda bai gama a shirin da suka amince da shi ba, NCCPA, hukumar da ke ba PA shaidar ƙwarewa, ba za ta bari ya zauna jarrabawarta ta PANCE ba, kuma babu PANCE babu lasisi a ko'ina cikin Amurka. Matsayin da za ki fi gani uku ne: amincewar farko ta sabon shiri, cikakkiyar amincewa, da kuma wanda aka ja wa kunne. Dole ne kowace makaranta ta wallafa sakamakon ɗalibanta na PANCE da yawan waɗanda suka fita ba su gama ba. Karanta duka biyun. Makarantar da ke korar masu rauni kafin jarrabawa, sakamakonta kullum kyau yake yi. Jarrabawar kanta tambaya 300 ce, kashi biyar, kowane kashi awa guda.

Anti Rifkatu:
'Yar'uwa, takardun nan iri biyu ne, kada ki haɗa su. Akwai shaidar bangaskiya, inda mutum ke sa hannu cewa ya gaskata koyarwar ikkilisiyar. Wasu ma har da wasiƙar fasto suke nema. Wannan ba taki ba ce. Akwai kuma ƙa'idar zaman tare: ba giya, ba taba, sutura ta kamala. Wannan kam na san ba za ta dame ki ba. Makarantun ma ba ɗaya ba ne. Loma Linda ta 'yan Adventist ce, tana ɗaukar mabiya addinai daban-daban, kuma ranar hutunsu Asabar. Harding ta Church of Christ ce, Trevecca ta Nazarene. Rubuta wa ofishin ɗaukar ɗalibai ki tambaya ko zuwa sujada dole ne ga 'yan digiri na biyu, da ko akwai darasin Littafi Mai Tsarki a cikin manhaja. Amsar ta zo a rubuce, ba ta waya ba.

Hajiya Turai:
Ni abin da ke ba ni haushi da karatun nan, likita mai MBBS ma in ya zo, yawancin makarantun daga farko suke sa shi, ba a rage masa ko wata guda. Kuma a Najeriya babu wannan muƙamin, sai dai CHO, jami'in lafiyar al'umma. Gana ce ke da nata PA ɗin, Majalisar Likitocin ƙasar ke yi musu rajista. Ranar komawa gida me za ki yi da takardar? Ki yi karatun nas ki huta.

Maman Hanif:
Hajiya ba komawa zan yi yanzu ba, kuma nas ba ya cikin tsarina. Yaya na duba, amincewar farko gare su, ba su yaye kowa ba tukuna. Amma sun karɓe ni hannu bibbiyu a ganawar, ba wanda ya kalli hijabina.

Yaya Bashir:
Fara'ar ganawa ba ta cin jarrabawa. Amincewar farko halas ce, za ki iya rubuta PANCE, sai dai ba su da sakamakon da za ki auna su da shi. Inda sabon shiri ke tuntuɓe shi ne shekara ta biyu: kimanin awa 2,000 a asibitoci, tiyata, yara, mata, gaggawa, ƙwaƙwalwa da sauransu. Ƙa'idar ARC-PA ta hana a ɗora wa ɗalibi neman wurin horo da kansa, amma ba ta hana a tura ki garin da ke da nisan awa uku ba, kuma haya a kanki. Sai kuɗi, wanda ba ki ambata ba sam. Wata 24 zuwa 27 ne, aikin darenki kuma ki manta da shi. Rancen gwamnatin tarayya na yau da kullum dala 20,500 ne a shekara, ƙarin rancen da ake kira Grad PLUS kuwa dokar 2025 ta rufe shi ga sababbin masu karɓa daga Yulin 2026. Mai bizar ɗalibi ta F-1 ba shi da rabo a ciki ko kaɗan. Wace takardar zama gare ki?

Ummi:
Anti, ba wanda ya taɓo ajin gwajin jiki. Ɗalibai a jikin juna suke koyon sauraren ƙirji da latsa ciki, mata da gajeren wando da 'yar shimi. Nemi a haɗa ki da mace, a sa labule, tun kafin ki biya. A ɗakin tiyata kuma hannu a buɗe har gwiwar hannu wurin wankewa, kai a rufe da hular asibiti mai sauka wuya. Shawarata ki biya. Gurbin PA ba ya zuwa sau biyu.

Yaya Bashir:
Yana zuwa. CASPA na buɗewa ƙarshen Afrilu, kuma makarantu da yawa wanda ya riga shi suke fara dubawa. Mai awa 2,000 da ta miƙa a Mayu ba ɗaya take da ta Satumba ba. Bara yaushe kika miƙa?

Maman Hanif:
Yaya ba ka san yadda nake fama ba ne. Wasu darussana sun kusa shekara biyar, wasu makarantun za su ce sun tsufa. Ba zan iya ƙara shekara ina juya tsofaffi a gado ba. Anti Rifkatu, takardar shafi huɗu ce, akwai wurin da ya ce zan girmama manufar makarantar ta Kirista. Wannan a wanne ya faɗa cikin biyun?