Yaro ya kai aji uku bai iya haɗa baƙi ba: ta ina za a fara gyara?

Uwar_Ɗalibai: Assalamu alaikum malamai. A makarantun gwamnati za ka ji yaro yana rera A B C har Z, amma a rubuta masa "gida" a allo sai ya yi tsuru. In jiha da gaske take, me za ta fara gyarawa?

Malamin_Aji_Ɗaya: Wa alaikumus salam Hajiya. Waƙar nan sunayen haruffan Turanci ce, karatu kuwa da sauti ake yinsa. Yaron da ya haddace sunan harafin c a matsayin "si" ta yaya zai karanta "ciki"? A fara da wasula biyar, sai baƙaƙen da suka fi yawan fitowa kamar n, k, m. Nan take a haɗa gaɓa: na, ka, ma. Daga nan sai nama, kaka, makaho. Harafi biyu a mako ya wadatar. Masu lanƙwasa a koyar da su gefen 'yan'uwansu, baki da baƙi, kafa da ƙafa, kunne ya ji bambancin kafin hannu ya rubuta. Su sh da ts da ƙw a bar su sai gaba.

Mai_Duba_Makarantu: Haka ne Malam, amma malami ba ya yi da hannu wofi. Shirin Mu Karanta da hukumar raya ƙasashe ta Amurka, USAID, ta tallafa wa a Bauchi da Sakkwato littafin ɗalibi ya haɗa da jagoran malami, darasi bayan darasi. Abin da ya kamata SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, ta riƙe ke nan, ta kuma ware wa karatun Hausa lokacinsa kullum a jadawali. Dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta keɓe wa ilimin matakin farko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, sai dai jiha ba ta karɓa sai ta ajiye nata kason. Abin da ke ci min rai shi ne littattafai su iso a kulle su a ofishin hedimasta, wai kada yara su yaga. Bitar kwana uku kuma ba ta zama a kai in ba mai shiga aji ya ga yadda malami ke yi.

Malama_H: Ku ƙara da gwaji. Amshi yana rufa wa aji asiri: mutum biyar ke karantawa, saura na bin baki. A kira yaro shi kaɗai, a ba shi gajeren labarin da bai taɓa gani ba, minti ɗaya, a ƙirga kalmomin da ya karanta daidai, a yi masa tambaya biyu a kan labarin. Wanda ya tsaya a harafi a haɗa shi da masu harafi, ko ɗan aji huɗu ne.