Kayan da suka cushe ƙarƙashin bene

Maman 'Yan Biyu: Assalamu alaikum maƙwabta. Ƙarƙashin bene ya cika maƙil: gadon jariri, fanka biyu, firij, buhun littattafan firamare. Maimakon 'yan gwangwan su kwashe a arha banza, me zai hana mu riƙa sa hoto a nan, mai buƙata ya ɗauka?

Alhaji na Ƙasa: Wa alaikumus salam. Firijin nawa ne, gas kawai yake so. Na bayar.

Anti Nas: Ni dai ku yi haƙuri, ban da katifa da kujerar kushin. A gidan da muka baro, wata ta ba ni kujera mai cin mutum uku, fes da ita. Ashe kuɗin cizo ne fal a cikin ɗinkin. Kafin mu farga sun shiga gadon yara, jikinsu duk ya yi rudu-rudu. Na shanya a rana, na kwara tafasasshen ruwa, na kira mai feshi, amma ƙwan na nan a lungun katako, sai ya sake ƙyanƙyashewa. Ƙarshe ƙona ta muka yi, har da katifa. Kuma mu nan bango ɗaya ya raba mu, in ya shiga ɗaki ɗaya to ya shiga duka. Duk abin da za a bayar a ɗaga ɗinkinsa a haska da tocila, in an ga ɗigo-ɗigon baƙi a bar shi. Sannan ga gori. Wata rana a can tsohon gidan muka ɗan saɓa da wadda ta ba ni kujerar a kan igiyar shanya, a gaban mutane ta ce min, "ke da kike zama a kan kujerata." Wallahi wannan ya fi cizon zafi.

Amarya: Subhanallahi! Allah ya kyauta, Anti.

Malamin Makaranta: Maganin gori shi ne kar a san mai bayarwa, kar a san mai ɗauka. A miƙa wa Baba mai gadi kawai. Littattafan kuma ina so, akwai ɗalibaina da ba su da ko ɗaya.

Gwauron Sama: Ni ko da shela za a ba ni tukwane, zan karɓa 😂

Hajiya Babba: Yi aure ka huta, ɗan nan.

Alhaji na Ƙasa: Abin da ya mutu murus a kai Ƙofar Ruwa a auna da kilo, ya fi tayin masu baro. Kuɗin a zuba a gyaran famfo.

Mai Shago: Wane famfo? Na watan jiya ma har yau ba mu ga lissafi ba.

Alhaji na Ƙasa: Ka fara biyan naka tukuna, Malam.

Hajiya Babba: Ku bari mana. Kayan yaran da suka yi kaɗan a wanke a goge, zan kai gidan marayu na Nasarawa. Amma don Allah kar a kawo min tsumma, abin da ba za ka sa wa ɗanka ba kar ka ba maraya.

Anti Nas: Tukunyar gas ɗin nan mai tsatsa ma kar a ba kowa, a fitar da ita daga gidan.

Amarya: Maman 'Yan Biyu, gadon jaririn na nan? Wata ƙawata nake tambaya wa.

Hajiya Babba: Uhm, ƙawa ko? Allah ya raba lafiya.

Mai Shago: Mai jar mota ya zo ya matsar, zan fita.