Yarona ya cika gida da ƙere-ƙeren tarkace, in hana shi ko in ƙyale shi?

Mai tambaya, uba daga Kano:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema a kan yarona, shekararsa 13, yana aji biyu na ƙaramar sakandare. Tun yana ƙarami hannunsa ba ya zama. Ya fara da motar kara da ta langa-langa kamar kowane yaro, amma shi abin bai sake shi ba. Yanzu duk abin da ya lalace a gida, rediyo ko tocila ko tsohuwar fanka, sai ya kwance ya ga abin da ke ciki.

Kwanan nan ya haɗa motar haƙa ƙasa da kwali da 'yan katako. Ya samo sirinji da robar ƙarin ruwa ya cika su da ruwa. In ya danna sirinji ɗaya sai hannun motar ya ɗaga, in ya danna wani sai bakinta ya ɗebi yashi ya juye. Ranar yaran unguwa sun cika mana ƙofar gida. Ya kuma yi 'yar fanka da injin tsohuwar rediyo mai kaset, ya yanko fukafukanta daga robar lemo, ita ƙannensa suke kunnawa in an ɗauke wuta.

Damuwata ita ce sakamakonsa na zangon da ya wuce ya ja baya, musamman lissafi, kuma ya fara bin 'yan gwangwan yana tsince-tsince a bola. Mahaifiyarsa ta ce in tattara kayan in zubar. Yayana kuma ya ce in cire shi daga boko in kai shi gareji tunda can zuciyarsa take. Ni ko ɗaya hankalina bai kwanta da shi ba. Don Allah waɗanda suka san harkar su ba ni shawara.

Wata ma'aikaciyar jinya:

Wa alaikumus salam. Malam, kafin komai ka tambaye shi yau ɗin nan a ina ya samo sirinjin da robar ƙarin ruwan. In daga bola ne, a kwashe su a nisanta da yara. Allurar da aka yi wa wani tana iya ɗaukar ciwon hanta nau'in B da C da wasu cututtukan jini, kuma suka ɗaya ya isa. Sabon sirinji ba shi da tsada a kemis. Ka saya masa da kanka, ka cire allurar kafin ka miƙa masa. Ka duba kuma ko an yi masa rigakafin tetanus, tunda kullum yana cikin tsatsa da kusoshi.

Mai gyaran rediyo da talabijin, Zariya:

Ɗan'uwa, kada ka zubar masa da kaya. In ka zubar gobe zai tara wasu, sai dai ya riƙa ɓoye maka, kuma a ɓoyen ne haɗari yake. Gara ka zaunar da shi ka gaya masa abin da hannunsa ba zai taɓa ba.

Tsohuwar talabijin mai ƙeya da injin ɗumama abinci suna riƙe wuta a cikinsu ko bayan an zare su daga soket, kuma wutar tana iya kashe babba balle yaro. Batirin waya da ya kumbura, in aka huda shi ko aka lanƙwasa yana kamawa da wuta. Batirin mota akwai ruwan asid da dalma a ciki. Ƙona waya don a ciro jan ƙarfe, wanda zai gani wurin 'yan gwangwan, hayaƙinsa guba ne. Wutar gida kuwa, bolt 230 ce, babu ruwansa da ita sai ya girma kuma yana gaban mai koya masa.

Abin da ya rage masa ya ishe shi wasa na shekaru: batirin tocila, ƙananan injuna na kaset da na motar wasa, ƙwayayen fitila 'yan ƙanana, ƙaramin faifan sola. Ka saya masa mitar auna wuta, wadda muke gwada batir da waya da ita, da sukudireba da filaya. Ka ce ya haɗa injin fankar nan tasa da mitar, ya juya fukafukan da hannu. Zai ga lamba tana motsi, domin injin da ke juyawa in an ba shi wuta, shi ne ke ba da wuta in an juya shi. Ranar da yaro ya ga wannan da idonsa ya fara fahimtar janareta. Kayan ma ba sai ya shiga bola ba, kuna da kasuwar Ƙofar Ruwa, ka kai shi da kanka ranar Asabar ku zaɓo masu tsabta.

Wani maƙerin ƙarfe, Panteka Kaduna:

Ni dai ina ganin yayanka bai faɗi abin ƙi ba. Sana'a ba abin kunya ba ce. A nan Panteka ana ƙera injin niƙa da na casar masara da murhu da tukwanen alminiyam, kuma da yawa daga cikin masu yi hannu ne ya koya musu. Sai dai ban yarda a cire shi daga makaranta ba, don mu da muke ciki mun san inda rashin karatu yake tsayar da mutum: a kawo maka zane a takarda da awo, ka kasa karantawa sai ka nemo wani. A bar shi a makaranta, in an yi hutu a haɗa shi da mai gida na kirki wanda ba zai mayar da shi ɗan aike ba.

Malamar kimiyya a sakandare:

Malam, abin da ya ja hankalina shi ne yaron da ya faɗi a lissafi shi ne ya yi motar da gaba ɗaya lissafi ce. Bai dai san sunan abin da ya yi ba. Ga gwajin da nake so ka sa shi: a haɗa sirinji mai mil 5 da mai mil 20 da roba, a cika da ruwa. Ya danna ƙaramin, ya ga nauyin da babban zai iya turawa da nisan da ya motsa. Sai ya juya ya danna babban. Zai tarar in ƙarami ne ke tura babba ƙarfi yana ƙaruwa amma tafiyar gajera ce, in an juya kuma tafiyar ta yi tsawo ƙarfin ya ragu. Haka jak ɗin ɗaga mota yake aiki, haka birki. Ya auna da rula ya rubuta. Daga nan maganar faɗin da'ira da ake yi masa a allo za ta zama abin da yake nema da kansa.

Saboda haka sharaɗina ɗaya ne: littafi na musamman. Duk abin da zai ƙera sai ya zana shi, ya rubuta awonsa, ya rubuta abin da ya ƙi aiki da dalili. Babu taɓa kaya sai an gama aikin gida.

Ka ba shi labarin William Kamkwamba na ƙasar Malawi. An cire shi daga makaranta saboda rashin kuɗi lokacin yunwar 2001 zuwa 2002. Yana da shekara 14 ya ƙera injin ba da wuta mai aiki da iska, da gangar jikin keke da fankar tarakta da itacen turare, ya kunna fitilu a gidansu. Abin da ake yawan mantawa shi ne a ɗakin karatu na ƙauyensu ya ga hoton injin a littafin kimiyya, kuma da ya samu dama makaranta ya koma, har ya gama kwalejin Dartmouth a Amurka a 2014. Ku kuma a Kano kuna da makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa da kwalejojin fasaha. In ya san sai da lissafi ake cin jarrabawar shigarsu, zai ɗauki abin da muhimmanci.

Wani ɗan Dutse, Jigawa:

Ba sai mun je Malawi ba. Marigayi Mohammed Bah Abba malami ne a kwalejin fasaha ta Jigawa a nan Dutse, daga gidan magina tukwane ya fito. Abin da ya fitar da sunansa duniya babu waya ko batir a ciki: tukunya ce a cikin tukunya. Ana sa ƙarama a cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin, a rufe baki da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwan yana tsattsafowa ta jikin babbar tukunyar, iska tana busar da shi, yana tafiya da zafin da ke ciki. Sanyin ruwan randa ne da kowa ya sani, shi kuma ya yi tunanin ajiye kayan miya da shi.

A gwaje-gwajensa gautan da ke lalacewa cikin kwana 3 ya kai kwana 27, tumatir da tattasai suka haura mako uku, alayyafon da ke yaushi a yini guda ya yi kwana 12. Da kuɗinsa ya sa aka gina tukwane 5,000 na farko ya raba a ƙauyuka. A 2000 ya samu kyautar Rolex ta dala 75,000, a 2001 mujallar Time ta sa abin cikin fitattun ƙirƙire-ƙirƙiren shekara. Har Darfur ta Sudan dabarar ta kai.

Dalilin kawo wannan, mahaifiyar yaron tarkace take gani, ba ta ga amfani ba. A sa shi ya yi mata wannan tukunyar. Ya sayi tumatir iri ɗaya ya raba biyu, rabi a tukunya rabi a kwando, kullum ya duba ya rubuta. In tumatirinta ya daina ruɓewa, ita da kanta za ta nema masa wurin ajiye kaya.

Wata Hajiya daga Maraɗi:

Muna yin ta nan. Sai dai ku gaya ma yaron ta fi aiki da rani da bazara, sa'ad da iska ke bushe. Da damina sanyinta kaɗan ne, kada ya ce ta ƙiya. A aje ta inuwa inda iska ke wucewa, a ɗora bisa duwatsu, a zuba ma yashin ruwa safe da marece. Babbar tukunyar kada a shafa mata fenti ko siminti, in an toshe jikinta aiki ya tsaya.

Wani mai aikin rufin kwano:

In yana son abin mamaki mai sauƙi, akwai fitilar kwalba ta Alfredo Moser, wani makanike a garin Uberaba na Brazil, wadda ya yi a 2002. Robar ruwa ce mai lita biyu a cika ta da ruwa, a ɗan zuba bilic don kada gansakuka ta fito, a huda kwano a saka ta rabi a waje rabi a ciki. Hasken rana yana bi ta ruwan ya watsu a ɗaki kamar ƙwan fitila mai wat 40 zuwa 60. Da rana kawai take aiki. Amma ya gwada a akurkin kaji ko kwali tukuna, domin in ba a liƙe gefen ramin da kyau ba, damina za ta shigo muku.

Mai tambaya:

Allah ya saka wa kowa da alheri. Na tambaye shi, sirinjin a bayan wani kemis ya tsinto, na kwashe su, gobe in sha Allahu zan kai shi asibiti a duba shi. Mun yi magana da mahaifiyarsa ta yarda da tukunyar. Malama, ina da tambaya: idan ya auna tukunyar, da me zai gane sanyin ya ƙaru, ko hannu kawai zai sa?

Malamar kimiyya:

Hannu ba zai ba shi lamba ba. Ma'aunin zafin jiki na kemis ma ba zai yi ba, don ba ya karanta zafin da ya yi ƙasa da na jikin mutum sosai. Ka nemi ma'aunin zafin ɗaki ko irin na ɗakin gwaje-gwaje wurin masu sayar da kayan makaranta. Ya auna cikin tukunya da inuwar da ke gefenta, da safe da azahar da magariba, ya jera lambobin a layi biyu. In ya yi mako biyu ka ɗauki hoton shafin ka turo nan, zan nuna masa yadda ake mayar da su jadawalin zane.