Muhawara: Shin Bare Mainasara ceton Nijar ya yi a 1996?

Ɗan Dogon Dutsi: Jama'a, ni dai har gobe ina kan bakana. Ranar 27 ga Janairu 1996 da Kanal Ibrahim Bare Mainasara ya kifar da Shugaba Mahamane Ousmane, ceton ƙasa ya yi. Wanda bai ga zaman doya da manjan da aka yi tsakanin shugaban ƙasa da firaminista Hama Amadou ba, ba zai gane ba.

Tsohon Malami: Na gani da idona, ƙanena. Tun da 'yan adawa suka samu rinjaye a majalisa a farkon 1995 aka shiga zaman 'yan marina. Shugaba ya ƙi zaman majalisar ministoci, firaminista na naɗa mutane, shugaba na cewa bai san zancen ba. Mu kuwa muna aji, albashi sai an ga dama. Ban musa maka wannan ba. Inda muka rabu shi ne abin da ya biyo baya.

Ɗan Dogon Dutsi: To me ya biyo baya, Malam? Ai zaɓe ya shirya cikin wata shida.

Hajiya ta Damagaram: Ɗana, wane irin zaɓe? Na 7 da 8 ga Yuli? Ana tsaka da aiki ya rushe hukumar zaɓe ta CENI, ya kafa wata, aka tsare abokan takararsa a gidajensu, Ousmane da Tandja da Issoufou da Djermakoye, sannan aka ce ya ci da kashi 52 tun zagayen farko. Kai ne mai gona, kai ne mai awo, kai ne mai karɓar kuɗi.

Matashi: Ku yi haƙuri iyayena, ba a haife ni ba lokacin. Ba cewa ya yi zai miƙa wa farar hula ba?

Tsohon Malami: Haka aka ji da farko. Daga baya ya tsaya takara da kansa, aka kafa masa jam'iyyar RDP-Jama'a. Nan ne maganar ceto ta rushe a wurina. Mai rabon faɗa ba ya tafiya da akuyar da ake faɗa a kanta. 'Yan adawa suka ƙaurace wa zaɓen majalisa na Nuwamba 1996, yajin aiki ya ci gaba, bashin albashin nan da aka ce za a magance sai tsawo ya ƙara. Har sojoji sun yi bore kan kuɗinsu.

Ɗan Dogon Dutsi: Da me zai biya? Masu ba da tallafi sun ja baya, yuraniyom ba daraja, an karya darajar kuɗin sefa tun 1994 kafin ya zo. Kuma ko me ya yi, ya cancanci a harbe shi a filin jirgin Yamai? Ranar 9 ga Afrilu 1999 dogarawan da ke tsaronsa suka buɗe masa wuta, aka fito aka kira abin da hatsari.

Hajiya ta Damagaram: A nan kam ina tare da kai, Allah Ya jiƙansa. Jini ba abin wasa ba ne. Afuwar da aka saka a tsarin mulkin 1999 ta rufe juyin mulkinsa da kisansa gaba ɗaya, iyalinsa suka yi ta neman a yi bincike. Amma zaluncin da aka yi masa bai wanke zaɓen Yuli ba.

Matashi: Shi Wanke da ya hau bayansa fa?

Tsohon Malami: Manjo Daouda Malam Wanke, shugaban dogarawan nan, ya ce wata tara zai yi, ya shirya zaɓe, bai tsaya ba, ya miƙa wa Tandja a Disamba.

Ɗan Dogon Dutsi: Malam, kada dai ka ce za ka yaba wa Wanke a gabana.

Tsohon Malami: Ban yaba ba. Yaro ya yi tambaya, na ba shi amsa.