Wa muke yi wa makoki, mamacin ko kujerarsa?

Ɗan Fagge: Salamu alaikum jama'a. Ina da magana, kuma na san wasu ba za su ji daɗinta ba. Mu fa yanzu ba mutum muke yi wa makoki ba, kujerarsa muke yi wa. Ku dubi shekarar 2025 kaɗai. Buhari, Allah Ya jiƙansa, ya rasu a Landan ranar Lahadi 13 ga Yuli. Aka sa kwana bakwai na makoki, aka sassauto da tuta, aka ba da hutu ranar Talatar da aka binne shi a Daura, Tinubu da kansa ya je Katsina ya tarbi gawa. Ko sati ba a rufa ba aka ce an sa wa Jami'ar Maiduguri sunansa. To a watan Maris na 2025 ɗin Baba Karkuzu ya rasu a Jos, mutumin da ya sa iyayenmu dariya a talabijin tun ba a haifi yawancinmu ba. Me aka yi masa? Kwana biyu ana liƙa hotonsa a Facebook, shi ke nan an wuce wurin.

Kawu Mai Rediyo: Wa alaikumus salam. Ɗana, ka gwama abu biyu da ba su gamu ba. Hutu da sauke tuta aikin gwamnati ne, kuma gwamnati tana yi wa wanda ya riƙe ta ne. Mutum ya mulki ƙasar nan sau biyu, daga ƙarshen 1983 zuwa Agustan 1985 yana soja, sannan daga 2015 zuwa 2023 a farar hula, kana so a binne shi yadda za a binne ni? Haka aka yi wa Umaru Musa 'Yar'aduwa a 2010. Wannan tsarin hukuma ne. Makoki kuwa a zuciyar jama'a yake, ba a ba da umarninsa ta rediyo.

Ɗan Fagge: Kawu, da girman kujerarku, ai zuciyar jama'ar ma inda kyamara ta juya can take juyawa. Ranar da Buhari ya rasu, a ranar Awujale na Ijebu, Oba Sikiru Adetona, ya rasu. Tun 1960 yake kan karaga, shekara 65 cur. A nan Arewa mutum nawa ne suka tsaya suka ce kanzil a kansa?

Kawu Mai Rediyo: Je ka Ijebu-Ode ka tambaya ko sun ce. Kowa da nasa mamacin.

Malam na Tudun Wada: Ku ba ni dama. Ɗan Fagge, in kujera ce, wace kujera Shehu Ɗahiru Usman Bauchi ya hau? Bai yi gwamna ba, bai yi minista ba, ko kansila bai yi ba. Ya rasu a ƙarshen Nuwamban 2025, kuma duk wanda ya ga hotunan Bauchi ranar Juma'ar da aka sallace shi ya san ba gwamnati ce ta yo hayar mutanen nan ba. Almajirai ne, da mahaddata, da waɗanda suka shekara da shekaru suna jin tafsirinsa na azumi a Kaduna. Wasu sun kwana a hanya da kuɗin aljihunsu. Wannan karantarwa ce ta tara su. Haka nan Alhaji Aminu Ɗantata da ya rasu a Abu Dhabi ranar 28 ga Yuni aka kai shi Madina. Mutanen Maiduguri ba su manta da naira biliyan 1.5 da ya bayar ba lokacin da madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024. In sun yi masa kuka, abin da hannunsa ya miƙa musu suke tunawa.

Ɗan Fagge: Allah gafarta Malam, ban musa darajar Shehu ba, astagfirullah. Talakawan da suka cika Bauchi don Allah suka je, na yarda. Amma manyan da suka yi ta sauka da jiniya fa? Mutumin da ke da mabiya miliyoyi ai kujera gare shi a idon ɗan siyasa, ko da ba a zaɓe shi ba. Ƙuri'a suka je yi wa gaisuwa.

Malam na Tudun Wada: Wannan kuma ka shiga zuciyar mutane. Ba aikinka ba ne, ba nawa ba ne.

Hajiya Bakatsina: Malam, a bar yaron nan ya yi magana, akwai ƙamshin gaskiya a bakinsa. Amma Ɗan Fagge, ga wata zan ba ka ka warware mini. Hajiya Dada, mahaifiyar su 'Yar'aduwa, ta rasu a Satumban 2024 ta haura shekara 100. Ba ta taɓa riƙe muƙami ba. Ɗanta Shehu Musa 'Yar'aduwa ya rasu tun 1997 a gidan yarin Abakaliki, Umaru ya rasu tun 2010. Manyan 'ya'yanta biyu da ake tsoro ko ake kwaɗayi a wurinsu duk sun riga ta. Amma garinmu ya cika maƙil, na gwamnati da na adawa duk sun zo. To wace kujera suka zo gaisarwa? Ni na ce akwai sauran amana a cikin mutane. Wasu sun ci abinci a gidan nan tun suna 'yan bin Shehu.

Ɗan Fagge: Hajiya, ai akwai ɗanta Abdul'aziz a majalisar dattawa. Kuma sunan gidan kansa ƙuri'a ne a Katsina.

Hajiya Bakatsina: Kai dai ba a cin ka a musu. Wato ko uwarka aka zo yi maka gaisuwa sai ka duba aljihun mai gaisuwar?

Ɗan Maraɗi: Barkanku da muhawara. Ni daga wannan ɓangaren iyaka zan kawo muku misali, kuma ina ganin ya fi goyon bayan Ɗan Fagge, amma ta wata fuska. Hama Amadou ya rasu a Yamai a Oktoban 2024. Sau biyu yana faraminista, ya shugabanci majalisar dokoki. Amma ku tuna yadda ya rayu: ya yi kaso a zamanin Tandja, ya yi gudun hijira zuwa Faransa, ya dawo aka kai shi gidan kason Filinge, daga can ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 2016 har ya kai zagaye na biyu. Da ya rasu sai hukuma ta yi masa karramawa ta ƙasa, kuma har waɗanda suka yi shekaru suna kiransa da munanan sunaye suka fito suna cewa an yi babban rashi. To ni tambayata, mutumin nan ya canza ne tsakanin jiya da yau? Abin da ya canza shi ne yanzu ba ya iya tsayawa takara. Yabon mamaci ba ya cin kuɗi, kuma ba ya ƙwace wa kowa kujera.

Kawu Mai Rediyo: Ko kuma mutuwa ce ta sanyaya zukata, ɗan'uwa. Ba kowace yafiya ce munafunci ba. Na ga mutanen da suka yi shekara ashirin ba sa ga maciji da juna, amma a bakin kabari ɗayan ya fashe da kuka, kuma babu mai ɗaukar hoto a wurin.

'Yar Jos: Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Tunda an ambaci Baba Karkuzu, bari in yi magana, don ɗan garinmu ne. Yaya Ɗan Fagge, ni ba jana'izarsa ce ta dame ni ba. An sallace shi, an kai shi makwancinsa kamar kowane Musulmi, kuma ba hutun gwamnati ne zai ƙara masa komai a can ba. Abin da ya dame ni shekarun da suka gabaci rasuwar. Dattijo ya tsufa, idonsa ya tafi, har ta kai ya fito a bidiyo yana neman taimako a kan muhalli. Sai da ɗan ƙwallo Ahmed Musa ya gani ya saya masa gida. Allah Ya saka masa da alheri, amma ina gidajen talabijin da suka ci moriyarsa? Ina masu shirya fina-finan? Haka Malam Nata'ala, ya daɗe yana jinya, da bakinsa ya fito ya nemi agajin jama'a kafin Allah Ya karɓi abinsa a Nuwamban 2025. Ranar da ya rasu kuwa, waya ta cika da hotonsa da alamar kuka. Ku kuna gardama a kan wa aka fi yi wa makoki, ni kuma na ce makokin ma arha ne, babba da ƙarami duk suna samu gwargwado. Jinya ce mai tsada. Babba a ɗauke shi a jirgi zuwa Landan ko Dubai, ƙarami kuwa sai ya tona asirin kansa a gaban duniya kafin a saya masa magani.

Hajiya Bakatsina: Allah Ya yi miki albarka 'yar nan. Mu mata mun fi kowa sanin wannan. Ranar zaman makoki gida ba masaka tsinke, ga kulolin abinci har ana rasa inda za a ajiye. Amma wata shidan da aka yi ana juya mara lafiya, ana wankin zannuwansa, mutum biyu ne ko uku.

Ɗan Fagge: Ƙanwata, kin kawo magana mai nauyi, amma ba ta rushe tawa ba. Jinyar ma ai kujerar take bi.

Kawu Mai Rediyo: To ga wata. Ranar 31 ga Mayun 2025 motar tawagar Kano ta faɗa gadar Dakatsalle suna dawowa daga gasar wasanni ta ƙasa da aka yi a jihar Ogun. Mutum 22 suka rasu, har da masu horarwa da jami'ai. Yara ne 'ya'yan talakawa, ba mai kujera a cikinsu. Gwamnatin Kano ta ba da hutun makoki, an ba iyalansu tallafi, an sa wa cibiyar wasanni ta jiha sunan tunawa da su. Kano ta girgiza. Ina kujerar a nan?

Ɗan Fagge: Yawansu ne ya zama kujerarsu, Kawu. Da ɗaya ne ya rasu a wannan gadar, da ko a labaran ƙarfe shida ba za a faɗa ba. Kuma ku duba sunan da aka sa: 'yan wasa 22. Adadi aka rubuta. Shi babba cikakken sunansa ake kafawa a ƙofar jami'a, ko da malaman jami'ar sun ce ba su yarda ba, kamar yadda ASUU ta Maiduguri ta fito ta ce.

Kawu Mai Rediyo: Allon zai ɗauki suna 22? Kai ma dai.

Malam na Tudun Wada: Bari in faɗi abin da ya zo a hadisi, kowa ya ɗauki rabonsa. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin wata baƙar mace mai share masallacin Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, a wata ruwayar an ce saurayi ne. Ta rasu aka binne ta ba a sanar da shi ba, kamar dai sahabbai sun ga al'amarinta bai kai a tashe shi ba. Da ya rasa ganinta ya tambaya, aka gaya masa, ya nuna bai ji daɗin rashin sanar da shi ba, ya ce a nuna masa kabarinta, ya je ya sallace ta. Ka ga Ɗan Fagge, halin da kake kuka da shi tsoho ne, kuma an riga an gyara mana shi. Wannan rabonka ke nan. Amma kuma ga naka gargaɗin: ba a ce a rage wa babba don a ƙara wa ƙarami ba. Kuma abin da ke amfanar mamaci a sallar jana'iza ba girman rawanin masu sallar ba ne. Ruwayar Muslim ta ambaci mutum 40 da ba sa yin shirka. Wannan kuwa mai gadin makaranta yana iya samunsu a layinsu, wani mai jiniya ya rasa.

Ɗan Maraɗi: Malam, to maganar faɗin abin da shugaba ya aikata bayan ya rasu fa? Don da Buhari ya rasu na ga 'yan Najeriya sun rabu biyu, wasu na cewa sun yafe, wasu na cewa ba su yafe ba, ana ta jifan juna da hadisin hana zagin matattu.

Malam na Tudun Wada: Zagi haramun ne, hadisin Nana A'isha a fili yake. Amma a ce rufe iyakoki a 2019 ya jefa 'yan kasuwar Maraɗi da Jibiya cikin wahala, ko canjin kuɗi na farkon 2023 ya sa mutane sun kwana a layin banki, wannan tarihin mulki ne, ba zagi ba ne. Sai dai kowace magana da lokacinta. Gawa tana ƙasa ba a binne ba, iyali na kuka, ba lokacin lissafi ba ne.

Ɗan Fagge: Kun ga ni? Shi babba har lokacin da za a faɗi laifinsa sai an zaɓa masa. Ɗan wasan Hausa kuwa, ranar da ya rasu a ranar za ka ga masu sharhi a ƙarƙashin hotonsa suna yanke masa hukunci a kan sana'arsa, wasu har suna tambayar ko ya tuba. Duk wanda ya bi sharhin mutane lokacin rasuwar Kamal Aboki a Janairun 2023, ko ta Saratu Giɗaɗo Daso a azumin 2024, ya san me nake nufi. Masu addu'a sun fi yawa, amma masu wa'azi a kan gawa ba su ɓuya ba.

Malam na Tudun Wada: A nan kam ban da ja. Hadisin bai ware ɗan wasa ba.

Kawu Mai Rediyo: Ni har yanzu ina kan bakana: abin da hukuma ke yi daban, abin da jama'a ke ji daban. Amma maganar 'Yar Jos ce ta tsaya mini. Masu fim suna da ƙungiyoyi, mawaƙa suna da nasu. Me zai hana a riƙa cire wani abu daga kuɗin kowane aiki a zuba a asusun jinyar tsofaffinsu? 'Yan kasuwar Kwari da direbobin tasha ma suna yin irin wannan a tsakaninsu, ba su jira gwamna ba.

'Yar Jos: Kawu, asusun ba shi ne wuya ba, wa zai riƙe makullin?

Hajiya Bakatsina: A ba Ɗan Fagge mana, tunda shi kaɗai ne a cikinmu ba ya ganin girman kujera. Sai dai ranar da ya zama shugaban asusun, ina nan zan ƙirga motocin da za su zo gaishe shi ko mura ya yi.