Inda muka yi tuntuɓe ranar da muka fara daidaita lissafin sinadarai

Malamar kemistiri:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe ina koyar da kemistiri a sakandare, kuma kusan kowace shekara a wuri ɗaya ɗalibai ke yin tuntuɓe, wato ranar da aka fara ba su lissafin haɗuwar sinadarai aka ce su daidaita shi, wato su sa yawan atom (ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka yi abu) na kowane sinadari ya zama ɗaya a ɓangarorin biyu. Ni ma a nan na faɗi lokacin da nake ɗaliba. An rubuta mana H₂ + O₂ → H₂O a allo, na ƙirga na ga atom biyu ne na oksijin a hagun kibiya, ɗaya kacal a dama, sai na sa ƙaramar lamba 2 a gindin O, abin ya koma H₂O₂, ina ta murna ɓangarorin sun yi daidai. Malaminmu bai yi mini faɗa ba, sai dai ya tambaye ni ko zan yarda in sha abin da na rubuta, domin H₂O₂ ba ruwa ba ne, wani sinadari ne da ake kashe ƙwayoyin cuta da shi, ake kuma cire launin gashi da shi. Ranar na gane cewa ƙaramar lambar ƙasa tana cikin sunan abu, duk wanda ya taɓa ta ya sauya abin gaba ɗaya, babbar lambar da ake sa wa a gaba kuwa yawansa kawai take faɗa. Amsar ita ce 2H₂ + O₂ → 2H₂O. Ina roƙon kowa ya ba mu labarin nasa tuntuɓen, domin in san inda zan riƙa jiran ɗalibaina.

Tsohon ɗalibin kimiyya:
Wa alaikumus salam Malama. Ni ba ƙirgar ce ta dame ni ba, dalilin yin ta ne ban gane ba, har na ɗauke ta wata ƙa'ida da aka ƙirƙira don jarrabawa. Abin da ya sauya mini tunani gwajin ƙona magniziyam ne. An ba mu siririn ƙarfen da ƙaramin kasko mai murfi, muka auna kafin mu ɗora a wuta, kuma dukkanmu mun tabbata nauyin zai ragu, tunda duk abin da muka saba gani ya ƙone toka kaɗan yake bari. Da kaskon ya huce muka sake aunawa, sai ga farar tokar ta fi ƙarfen nauyi. Mun ɗauka sikelin ne ya lalace, muka maimaita, sakamakon bai sauya ba. Malamin ya rubuta 2Mg + O₂ → 2MgO, ya nuna mana cewa giram 24 na magniziyam yana haɗuwa da giram 16 na oksijin ya ba da giram 40, wato ƙarin nauyin daga iska ya zo. Daga baya na karanta cewa Antoine Lavoisier, masanin ƙasar Faransa, da irin wannan awo ya tabbatar da cewa nauyi ba ya ɓacewa, ba ya kuma samuwa daga babu, ya bayyana haka a littafinsa na shekarar 1789. Namu ƙarin bai kai yadda lissafi ya nuna ba, domin mun riƙa buɗe murfin muna kallon hasken, farin hayaƙin yana ficewa, alhali an gargaɗe mu kada mu zuba wa hasken ido.

Ɗaliba a aji biyar:
Ni nawa kuskuren na rubutu ne. Na rubuta Co a inda ake son CO, na rasa makin tambayar duka, domin na farkon ƙarfen kobalt ne, na biyun kuwa iska ce mai guba da ta ƙunshi kabon ɗaya da oksijin ɗaya. Har yanzu alamomin Na da K da Fe, wato sodiyam da fotasiyam da baƙin ƙarfe, suna rikita ni, saboda ba su yi kama da sunayen da muke kiran sinadaran da su a aji ba.

Malamar kemistiri:
'Yata, waɗannan haruffa daga sunayen Latin aka ɗauko su: natrium, kalium da ferrum. Berzelius, masanin ƙasar Suwidin, shi ne ya kawo tsarin amfani da haruffa wajen shekarar 1813, kafin nan da'irori da zane-zane ake yi. Ki riƙe cewa harafin farko kullum babba ne, na biyu in akwai shi ƙarami ne.

Mai kula da ɗakin gwaje-gwaje:
Malama, da izininki zan ɗan saɓa miki. A ganina ɗalibai suna shan wahala ne saboda ana kai su allo kafin a kai su sikeli. Gwajin da na fi shirya musu shi ne na gutsuttsuran dutsen marmara, CaCO₃, da ruwan asid na HCl a cikin buɗaɗɗiyar kwalba bisa sikeli. Abin yana kumfa, lambar sikelin tana sauka a gaban idonsu, kuma babu shekarar da wani ba ya cewa ga shi nauyi ya ɓace, an ƙaryata abin da aka koya musu. Sai in sa su rubuta CaCO₃ + 2HCl → CaCl₂ + H₂O + CO₂, in tambaye su wanne ne a cikin ukun da ke dama zai iya fita ta bakin kwalba. A kowane giram 100 na dutsen, giram 44 ne ke tafiya a matsayin iskar CO₂. Ni ma na taɓa jin kunya a nan: na ɗaura balan-balan a bakin kwalbar don in tare iskar, ina alfaharin cewa lambar ba za ta motsa ba, amma da balan-balan ya kumbura sai ta ɗan ragu, domin iskar ɗakin tana tallafar abin da ya kumbura kamar yadda ruwa ke tallafar abin da aka tsoma a ciki. Tun daga lokacin nake amfani da kwalbar roba mai ƙarfi da ake murɗe murfinta, da ɗan dutse kaɗan ƙwarai don kada iskar ta fasa ta.

Tsohon ɗalibin kimiyya:
Wani wurin da ya kayar da ni shi ne baka, wato alamar ( ). A Ca(OH)₂ na ƙirga oksijin ɗaya, ban san cewa lambar da ke bayan baka tana ninka duk abin da ke ciki ba. Sai da na zo kan Al₂(SO₄)₃ aka nuna mini cewa oksijin ɗinsa 12 ne.

Malamar kemistiri:
Malam mai kula da ɗakin gwaji, na karɓi gyaranka, kuma a zangon da ke tafe zan fara da sikeli. Amma ko bayan an gane dalili akwai sauran aiki a ƙirgar kanta. Ina ce wa ɗalibai su bar oksijin zuwa ƙarshe a lissafin ƙonewa, saboda a hagu yana tsaye da kansa, bai haɗu da wani sinadari ba, ana iya sauya lambarsa ba tare da an rushe sauran ba. A ƙonewar iskar gas ta C₂H₆, idan an daidaita kabon da haidirojin za a ga ana bukatar O₂ uku da rabi, kuma a nan yawancinsu ke ajiye biro. Sai a ninka komai sau biyu, a samu 2C₂H₆ + 7O₂ → 4CO₂ + 6H₂O. 'Yata ta aji biyar, ki gwada C₄H₁₀ ta wannan hanya, ki kawo mana abin da kika samu.