Maƙwabcina ya gayyace ni ƙungiyar waƙar barbershop, in shiga?

Baban Amira: Assalamu alaikum. Wani dattijo maƙwabcina a nan jihar Ohayo ta Amurka ya matsa min in shiga ƙungiyarsu ta maza masu waƙar barbershop. Ba ganga ba jita, murya huɗu kawai ake haɗawa: mai jan waƙa, siririyar murya a samansa, mai kauri a ƙasa, sai na huɗu mai cike giɓi. Sun gwada ni sun ce ta ƙasan ce tawa. Atisaye duk Talata ƙarfe 7 na yamma. Damuwata Magariba, da kuma azumi in ya zo. Wanda ya taɓa shiga ya ba ni shawara.

Ɗan Damagaram: Kai da ko amshi ba ka iya ba a gidan biki? Allah ya nuna mana ranar da za mu gan ka da malafa da falmaran mai ratsi.

Kawu Na-Bronx: Kada ka soma, ɗana. Na yi, na ga ƙarshenta. Kuɗin shekara kashi uku ne: na uwar ƙungiya, na shiyya, na reshe, sun tasam ma dala 300. Na sayi kwat da jan laktaye, na biya otal na zuwa gasa. Saura mako guda mai horarwa ya ja ni gefe wai muryata tana zamewa, in tsaya layin baya in riƙa motsa baki kawai. Ni da furfurata! Kwat ɗin na nan cikin leda. Kuma ku sani, wannan waƙa daga wajen baƙaƙen Amurka ta samo tushe, amma uwar ƙungiyar da aka kafa a birnin Tulsa a 1938 ba ta karɓi baƙaƙen fata ba sai 1963.

Injiniya: Kawu, da girmanka, dala 300 ta yi yawa. Ni abin da nake bayarwa fam 15 ne a wata, riga ma aro suka ba ni. Magariba kuwa fita nake in yi a ɗakin ajiye kujeru, ba wanda ya taɓa ɗaga min gira. In sun tafi mashaya bayan an tashi, sai in kama hanyar gida.

Kawu Na-Bronx: Kai a Ingila kake, ƙungiyarku daban. Me ka sani game da nan?

Injiniya: Na san dai suna turo sautin muryar kowa a waya ya haddace. Ka saurari naka kuwa?

Maman Hanif: Tun 2018 fa uwar ƙungiyar ta Amurka ta buɗe wa mata ƙofa. Baban Amira, ka tambayi uwargida tukuna? A watan Fabrairu gida-gida suke bi da fure suna yi wa matan mutane waƙar soyayya.

Ɗan Damagaram: To fa! Nan ake yin ta.

Baban Amira: Jama'a, maganar azumi fa?

Kawu Na-Bronx: Su dai ko ba komai in sun ce 7, to 7 ɗin ce, kuma ma'aji na karanta lissafi. Mu taron ƙungiyarmu ta 'yan gida a ce La'asar, sai bayan Isha'i shugabanni za su shigo. Kuɗin walimar Sallar bara wa ya ji bayaninsa?

Maman Hanif: Ni ma kuɗin lemo da na sa daga aljihuna har yau shiru.